Batir Ɗaya Na Tafasa, Ɗaya Na Jin Yunwa

Samarin da ke zuwa shagona a Hunkuyi neman koyon aiki, yawancinsu da magana ɗaya suke zuwa. Sai su ce ai aikin rewaya, wato gyaran wutar mota, ba shi da wuya, ba kamar na makanike ba da mutum zai yini kwance a ƙarƙashin mota. Ja a kan ja, baƙi a kan baƙi, wuta ta kawo, a sallami mai mota. Wani ma ya ce min ya gama rabin koyon a bidiyon salula kafin ya zo. Ban musa masa ba, domin mai yiwuwa ya koyi wani abu da gaske. Amma na ga ya kamata in rubuta kaɗan daga abin da na gani a sana'ar nan, ko zai yi wa wani amfani. Ban ce haka abin yake a kowace mota ba. Motoci sun bambanta, kuma sababbi na ta fitowa da dabarun da ban gama sani ba. Abin da hannuna ya taɓa shi zan faɗa.

Lantarki na karanta a Zariya. Na gama, na yi hidimar ƙasa, na jira aikin ofis bai zo ba. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni Makarfi, wurin Malam Idi Rewaya, Allah ya jiƙansa, wanda shagonsa ke bakin tasha. Dattijo ne gajere, ba mai yawan magana ba, kowace rigarsa da ƙananan ramuka inda ruwan batir ya fallatsa. Da kawuna ya gaya masa karatun da na yi, sai ya ce, "Madalla. Shi ya zo da nasa, ni ina da nawa, sai mu haɗa mu gani." Daga ranar yake kirana Injiniya. Direbobin tasha kuwa Wataƙila suka raɗa min, domin ko mota ta tashi a gabansu ba na iya cewa ta gyaru. Sai in ce ina tsammanin ta gyaru, a je a gwada. Har yau akwai masu kirana da sunan, kuma ban ga laifinsu ba.

Kayan aikin Malam Idi ba su da yawa. Ƙwan gwaji mai wayoyi biyu, ƙarfen narka dalma, ƴan sifanu, da wani bututun gilashi mai roba a ka da ake zuƙo ruwan batir da shi a ga nauyinsa. Sai tsohuwar caja mai nauyin buhun masara, wadda ke gurnani in an kunna ta. Ni kuma na zo da mitar auna wuta, ita ce kaɗai dukiyata. Bai raina ta ba. Duk abin da ya ji da hanci ko ya taɓa da hannu, sai ya ce, "Injiniya, tambayo mana ita ma mu ji."

Aikin farko da na tuna sosai na wata ƙaramar motar haya ce da ke jigila tsakanin Makarfi da Ikara. Direban ya ce ƙwan fitila na ta ƙone masa, kuma in ya taka mai sai fitilun su yi haske kamar za su fashe. Shi yana ganin hasken a matsayin lafiya, ƙwayayen ne yake zargi da rashin inganci. Malam Idi ya buɗe bonet, ya sunkuya ya shaƙa, ya ce in zo in shaƙa. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Ya buɗe murafun batir, ruwan ya ja ƙasa har farantan ciki sun fito. Na sa mita, aka taka mai, lamba ta haura sha shida. A nan na fara gani da idona abin da na sani a takarda.

Ga yadda abin yake, iya fahimtata. Altaneta ita ce injin da fanbel, igiyar robar nan ta gaban inji, ke juyawa ya samar da wuta, kuma in aka bar ta da halinta ba ta san ya isa ba. Inji ya ƙara gudu, ta ƙara, wutar ta hau. A cikinta akwai wani ƙarfe mai naɗin waya da ke juyawa, wanda ba ya zama maganaɗisu sai an ba shi ƴar wuta kaɗan ta wasu ƙananan burusai biyu. In ƴar wutar ta yi yawa, maganaɗisun ya yi ƙarfi, altaneta ta zubo da yawa. In ta ragu, ta rage. To a kan wannan ƴar wutar regileta ke zaune. Shi wani ɗan abu ne da bai kai akwatin ashana biyu ba, aikinsa ya duba ƙarfin wutar da ke zuwa batir, in ya hau ya datse, in ya sauka ya saki. Yana yin haka sau da yawa cikin ƙiftawar ido, har ba a ganin motsin a mita.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san aikin. Injin ban ruwa turowa kawai ya sani. Mutumin da ke tsaye da fartanya a bakin fangali, yana buɗewa yana toshewa, shi ne mai gonar na gaskiya. In ya yi sakaci ruwa ya kwanta saiwa ta ruɓe, in ya yi rowa shuka ta bushe. Batir ma haka. Wanda ya cika ya huta yakan nuna sha biyu da ɗigo shida ko kusa da haka. In inji na aiki, ana so a ga kusan sha huɗu, ɗan ƙasa ko ɗan sama. In ya wuce sha biyar ya zauna a can, ruwan ciki zai fara tafasa yana fita da iska, farantai su bushe, jikin batir ya kumbura, kuma iskar nan tana kama wuta. In ya tsaya ƙasa da sha uku, batir ba ya ƙoshi, sai wani farin abu kamar kanwa ya riƙa manne wa farantansa har ya daina karɓar caji. Tsakanin tafasa da yunwa tazarar kaɗan ce, kuma ɗan abin nan yana riƙe ta a rana da damina, a kwalta da gargada, shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa yi masa sannu. Ban sani ba ko akwai wani abu a jikin mota da ya kai shi haƙuri.

Cajar Malam Idi ba ta da regileta ko kaɗan. Tana da maɓalli mai hawa-hawa da allura ɗaya mai nuna yawan wutar da ke fita, shi ke nan. A shagon nan shi ne regileta. In aka kawo batir da ya yi sanyi, zai fara duba ruwa, ya ƙara tataccen ruwa har ya rufe farantai, ya sassauta murafu, sannan ya ba shi wuta da ɗan ƙarfi. Yana wani aikin amma kunnensa na wurin. Jim kaɗan sai ya zo ya ɗora tafin hannu a gefen batir, ya leƙa rami ya ga ƙananan kumfa sun fara tasowa, ya sauko da maɓalli hawa ɗaya. Ya sake dawowa, ya zuƙo ruwa a bututun gilashi, ya sake saukowa. A ƙarshe sai ya bar shi a hawan ƙasa, wanda yake cewa na lallashi ne. Yanzu ina da caja ta zamani mai yin wannan da kanta. Da farko takan saki wuta sosai, in ƙarfin ya kai wajen sha huɗu da ɗigo huɗu ta tsayar da shi a nan ta bar batir ya rage sha da kansa, in ya ƙoshi ta sauko wajen sha uku da rabi ta riƙe shi. Ranar da na fara kunna ta na zauna ina kallon lambobin, sai na ga tafiyar Malam Idi ce tsakanin benci da caja aka ɗura a cikin akwati.

Ranar kasuwa ita ce ranar gardama. Mutum zai sauke batir daga babur ya ce yana so kafin ya gama cinikin rake.

"Baba, ku ba shi mai zafi, sauri nake."

"Mai zafi akwai. Amma in na ba shi, sati mai zuwa sabo za ka zo nema."

"To a juye ruwan a zuba masa sabon asid ya yi ƙarfi."

"Ruwa ne ya fita, asid na nan. In miya ta ƙafe gishiri kake ƙara mata?"

Wasu su yi dariya su bari, wasu su ɗauka su kai gaba. Bai taɓa riƙe kowa ba. Akwai kuma gwajin da kowa ya iya, na cire kan batir inji na aiki, wai in motar ba ta mutu ba altaneta na caji. A tsofaffin motoci an sha yi an wuce lafiya, shi kansa Malam Idi ya yi a zamaninsa. Amma batir shi ne ke shanye tsallen wuta, in ka cire shi tsallen ba shi da wurin zuwa sai cikin kayan mota, kuma motocin yanzu na da ƙwaƙwalwa mai tsada. Ban ce duk wadda aka yi wa sai ta ƙone ba. Na dai ga waɗanda suka ƙone. Ina roƙonku ku bar wannan gwajin, mita ba ta da nauyin ɗauka.

Shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, duk wanda ke yankin nan ya san ta. Gonaki daga Hunkuyi har Ikara suka zama kamar an babbake. Mu ba manoma ba ne, amma in babu kwando babu gingimari, in babu gingimari babu rewaya. Manyan motoci suka jeru a bayan gidaje, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu. Sai mu yini a shago ba wanda ya yi sallama in ban da mai cajin fitila. Na yi tunanin komawa neman aikin ofis. Malam Idi kuwa sai ya ɗauki keke yana bin masu motocin gida-gida yana ce musu su ciro batura su kawo. Batir ba ya son zaman banza, ko ba a taɓa shi ba yana tsiyaya a hankali, in ya daɗe a ƙasa farin abin nan ya kama shi. Wasu suka kawo, wasu suka ce wa ke ta batir ana ta abinci. Waɗanda aka kawo muka jera su a kan katako, duk lokacin da aka kawo wutar gari ya bi su da cajin lallashi ɗaya bayan ɗaya. Da abubuwa suka daidaita, masu su suka zo suka ɗauka. Saura biyu manya, sa'annin juna, na wani mutumin Paki da ya sayar da motarsa ya koma noman rake. Ya ce Malam Idi ya riƙe su ladan wahalarsa. Shi kuwa ya ci gaba da kula da su kamar tumakin layya.

Aikin da nake so ku riƙe ya zo ne a kakar da ta biyo baya, da tumatir ya dawo. Da hantsi wata gingimari ta tsaya a bakin tasha, kwanduna har sama, za ta Kudu. Direbanta Ɗanjuma ne, mutumin Ikara, dogo mai fara'a, kowa na tasha abokin wasansa ne. Ya kashe ta ya sha shayi, ya dawo ya murɗa makulli, kik ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru. Kayan na manoman wani ƙauye ne a bayan Janfalan, kuma shi ne amfaninsu na farko tun bayan tsutsa. Sun wakilta wani dattijo, Malam Tanimu, ya raka kayan. Rana ta fara zafi irin na gab da bazara. Tumatir a kwando ba ya jiran kowa. In ya yini a rana a tsaye, ko ya kwana a hanya mota ta mutu, abin da zai isa kasuwa ruwa ne da ƙuda.

Ɗanjuma ya zo ya durƙusa ya gaida Malam Idi, gaisuwar a gaggauce.

"Baba, regileta ne. Na sauya shi, na sake sauyawa, na sauya batir ɗaya, duk a kakar nan. Kayan yanzu ba su da albarka. Ku sa min wani kawai in wuce."

Muka je. Babbar mota batura biyu take amfani da su, a jere, wata gajeriyar waya mai kauri ta haɗa wannan da wancan, ƙarfinsu ya taru ya zama ashirin da huɗu. Regiletanta kuma yana riƙe caji a wajen ashirin da takwas. Tun kafin mu ƙarasa warin ruɓaɓɓen ƙwai ya tarye mu. Malam Idi ya ce kowa ya kashe taba ya ja baya. Ya ɗora tafin dama a kan batir ɗaya, na hagu a kan ɗayan, ya daɗe a haka.

"Wannan kamar an sauke shi daga murhu," ya ce. "Wannan kuwa kamar randa."

Mai zafin ya kumbura, ruwansa ya ja. Mai sanyin ruwansa cike yake, amma da muka zuƙo a bututun gilashi sai ya nuna kusan babu caji a cikinsa.

Malam Idi ya miƙe ya ce wa Ɗanjuma, "Ina da batura biyu a shago, zan ba ka aro ka kai kayan mutane. Amma ba zan ba ka ka dafa min ɗaya a hanya ba. In ka dafa shi, kai ma a daji za ka tsaya. Sai mun san mai dafawar."

Muka ɗauko nasa a baro, muka jona muka tayar da motar, muka cire su. Inji na aiki a kan baturan Ɗanjuma, na ɗora mita a kan su biyun tare. Ashirin da takwas da ɗan kaɗan. Na ce a taka mai. Lambar ba ta motsa ba. Na ce a kunna fitilu duka. Ta ɗan sunkuya ta dawo wurinta. Na cire na sake ɗorawa, na goge bakin ƙarfen na sake. Direbobi sun taru, wani daga baya ya ce, "Ku kawo tabarma, Wataƙila ya fara awo."

"Injiniya, me ta ce?" in ji Malam Idi.

"Maigida, a iya abin da nake gani, kamar dai ba lallai ne a ce..."

"Tumatir na rana. Regileta na da laifi ko ba shi da?"

In na ce yana da laifi, kowa zai yarda, a sa sabo cikin ɗan lokaci motar ta wuce. In kuma na ce ba shi da, na tsayar da kayan mutane a rana a kan maganar mita ɗaya, ga batir na tafasa a gaban kowa yana ƙaryata ni. Na sake kallon lambar. Tana nan inda take.

"Ba shi da laifi," na ce.

"To wa ke dafa batir?" in ji Ɗanjuma. "Aljani?"

Malam Idi bai kula shi ba. Ya ce min, "Hannuna ya ce su biyu ne, mitarka ta ce abu ɗaya. Tambaye su ɗaya-ɗaya."

Na ɗora a kan mai zafin shi kaɗai. Ya kusa sha shida. Na koma kan mai sanyin. Sha biyu da ɗan abin da ba a rasa ba. In ka haɗa, ashirin da takwas ne cif. Na yi masa bayani cewa regileta jimillar kawai yake gani. An ce masa ya riƙe ashirin da takwas, ya riƙe. Bai san ɗaya ya ƙoshi har yana amai ba, ɗaya kuma bai samu rabonsa ba.

"Ashe akushi yake gani," in ji Malam Idi, "ba ya ganin masu ci."

Hakan kuwa ba ya faruwa haka kawai. Sai in akwai abin da ke shan batir ɗaya ya bar ɗayan. Na tambayi Ɗanjuma ko ya jona rediyo ko fanka a kan ɗaya. Ya ce rediyonsa ta mutu tun kafin tsutsa, fanka kuwa iskar Allah ce ta taga. Na duba kawunan batura ban ga wata baƙuwar waya ba. Gajeriyar wayar tsakiya an naɗe ta da baƙin salatif, laka ta bushe a kai. Muna cikin dubawa ruwan tumatir ya fara ɗiga daga bayan motar, ɗis, ɗis, a kan ƙasa.

Sai ga Malam Tanimu ya zagayo daga wajen kwanduna, inda yake ta gyara ciyawar da aka rufe su da ita. Ya yi sallama, suka gaisa da Malam Idi a tsanake, ya tambayi iyali da aiki da zafi, kamar ba nasa ne ke ɗiga ba. Sannan ya juya.

"Ɗanjuma, tunda ta tashi, ko salulata ta ɗan sha? Ina so in gaya wa dillali za mu makara."

Ya miƙa hannu ya buɗe akwatin kayan aiki da ke gefen motar. A ciki an kafa wani faffaɗan katako, an jera masa ramukan cajin salula irin na ƙaramar mota, layi-layi, kamar shagon mai caji a kasuwa. Salula uku ko huɗu na maƙale a jiki.

"Baba, wannan fa?" na tambaye shi.

"Wannan ai ita ce wutar garinmu, ɗana. Mu ba mu da turakun lantarki. Ranar da Ɗanjuma zai yi lodi, tun da safe mata ke aiko da nasu, da fitilu, da rediyon liman. Yini ake ana lodi, yini suke sha. Bai taɓa karɓar ko sisi ba, Allah ya yi masa albarka."

Na bi wayar katakon da yatsa. Ta bi ƙarƙashin bodi, ta shige cikin lakar nan, ta ɓace a cikin baƙin salatif. Na warware. Ga ta nan a murɗe a kan wayar tsakiya. Ramukan cajin na sha biyu ne, motar kuma ashirin da huɗu, shi ya sa wanda ya haɗa masa ya ɗebo daga tsakiya, wato daga batir ɗaya. Duk ranar lodi garin ya yini yana shan wannan ɗayan, inji a kashe. In an hau hanya, wuta ɗaya ce ke ratsa su biyun, mai yunwa bai kai ga ƙoshi ba, ƙosasshen ya wuce iyaka. Lodi bayan lodi tazarar na ƙaruwa.

Ɗanjuma ya cire hula ya sosa kai. "Wallahi ban lissafa shi ba. Salula ce fa, abin da yaro ke riƙewa a hannu."

"Ɗaya ce yaro ke riƙewa," in ji Malam Idi. "Kai gari ka ɗauka. A yanke."

"Baba, in na yanke da wane ido zan shiga garin? Tun daga nesa ake tarye ni da leda cike da salula."

Ba wanda ya yi dariya. Malam Tanimu ya dubi inda ruwan ke ɗiga, ya zare salularsa daga katakon ya sa a aljihu.

"Yanke, ɗana," ya ce min. "Ni zan gaya musu. Salula ta mutu ta tashi, tumatir in ya mutu ya mutu."

Muka kashe inji, na kwance wayar na naɗe bakinta. Muka sauke baturan Ɗanjuma a hankali, muka ɗora na Malam Idi, shi da kansa ya ɗaure kawunan. Kafin mu gama ya sa an jona salular Malam Tanimu a shago ta ɗan samu na kiran dillali. Kik ɗaya motar ta tashi. Na auna su tare, ashirin da takwas. Na auna ɗaya-ɗaya, sha huɗu da sha huɗu. Regiletan da aka so a jefar yana nan a wurinsa, bai san ma an yi shari'arsa ba. Kafin azahar suka ɗauki hanya.

Kwanakin da suka biyo baya mun yi jinyar baturan Ɗanjuma. Mai yunwan ya sha cajin lallashi ya farfaɗo. Mai tafasan bai dawo ba, farantansa sun riga sun lalace, sai daga baya aka samo wa ɗayan abokin tafiya sa'ansa. Wannan ma ku riƙe: a abin da na gani, batir ya fi yafe yunwa in ba ta daɗe ba, da wuya ya yafe tafasa. Ni kuma na ba wani direba saƙo Zariya ya sayo min ɗan akwatin da ke karɓar ashirin da huɗu ya sauko da ita sha biyu. Shi daga baturan biyu yake sha daidai wa daida. Tun daga lokacin, duk babbar motar da ta zo min da batir ɗaya mai zafi, ba na fara taɓa regileta. Tafuka biyu nake fara ɗorawa, sannan in tambayi direba ƙauyen da yake lodi.

Wata safiya bayan ƴan kwanaki Ɗanjuma ya dawo, motar ba kaya, ya yi hon tun daga kwana. Ya ce kaya sun isa, na ƙasan kwando sun ɗan matse kamar kullum, sauran an saye su tun kafin a gama saukewa, Malam Tanimu ya sauka a hanya da kuɗin cinikin mutanensa. Malam Idi ya ce madalla, amma ƙafarsa na tafiya wajen akwatin batura. Ya ɗora dama a kan ɗaya, hagu a kan ɗaya, ya rufe ido.

"Jikinsu ɗaya," ya ce.

Na haɗa ɗan akwatin a bayan katakon, na sa masa fis mai yanke wuta in ta yi yawa, na gaya wa Ɗanjuma ya riƙa tayar da inji jifa-jifa in lodi ya yi tsawo, kada a shanye su biyun tare. Na auna, na sake aunawa. Yana tsaye a kaina.

"Wataƙila, tsakaninka da Allah, wannan ɗan abin zai ɗauki salular gari guda?"

"Ina tsammanin zai ɗauka, in dai ba a jona masa abin da ya fi..."

"A bakinsa wannan rantsuwa ce," in ji Malam Idi. "Tafi, mutane na can da leda suna jiranka."